Wace hujja ce ta sa Amurkawa suka ƙara wa gwamnatin tarayya ƙarfi a 1787?

Ɗalibar Tarihi ta rubuta:

Assalamu alaikum malamai da 'yan'uwa. Akwai wani al'amari a tarihin kafuwar Amurka da ya ɗaure mini kai, ina kuma neman wanda ya san shi ya warware mini. Jihohi 13 da ke gaɓar Tekun Atilantika sun ayyana 'yancin kansu a 1776, suka yi yaƙi da Ingila har aka ƙulla sulhu a birnin Paris a 1783, kuma babban kukansu a tsawon wannan lokaci shi ne wata gwamnati da ke nesa da su tana ɗora musu haraji, tana girke musu soja, tana soke dokokin majalisunsu. Amma shekara huɗu kacal bayan sulhun, sai ga manyan da suka jagoranci yaƙin sun taru a Filadelfiya sun rubuta kundin tsarin mulkin da ya ba wata sabuwar gwamnati, wadda ita ma take nesa da mafi yawan jama'a, ikon karɓar haraji da tara soja, ya kuma fifita dokokinta a kan na jihohi.

Waɗanne hujjoji ne aka kafa har mutane suka yarda da haka? A aji an gaya mana cewa tsarin farko ba shi da ƙarfi, aka wuce. Rashin ƙarfi kuwa ai ba laifi ba ne a idon mutanen da suka sha wuya a hannun gwamnati mai ƙarfi, wataƙila ma abin da suke so ke nan. Ina son in san takamaimai abin da ya lalace, da abin da masu neman ƙara wa tarayya ƙarfi suka faɗa, da kuma ko hujjojin nasu na gaskiya ne ko tsoratar da jama'a suka yi don biyan bukatar kansu. Allah ya saka da alheri.

Malam Mai Alli ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malama. Kafin a kai ga hujjojin, sai an fara duba siffar gwamnatin da ake kuka da ita. Tsarin farko shi ne Yarjejeniyar Ƙawance, wadda wakilan jihohin suka kammala rubutawa a 1777 amma ba ta fara aiki ba sai a watan Maris na 1781, bayan Maryland ta sa hannu. Babu shugaban ƙasa mai zartarwa a cikinta, babu kuma tsarin kotunan tarayya. Majalisa ɗaya ce tilo, inda kowace jiha take da ƙuri'a ɗaya, babba ce kamar Virginia ko ƙarama kamar Delaware. Manyan batutuwa irin su yaƙi da cin bashi da ƙulla yarjejeniya da wata ƙasa sai jihohi 9 sun yarda, gyaran tsarin kansa kuwa sai duka 13 sun yarda. Abin da ya fi waɗannan muni shi ne majalisar ba ta da ikon karɓar ko sisin kwabo daga hannun ɗan ƙasa. In tana bukatar kuɗi sai ta yanka wa kowace jiha kasonta, ta aika da takarda, sannan ta zuba ido. Wadda ta ga dama ta biya wani abu, wadda ba ta ga dama ba ta yi shiru, ba kuwa abin da zai same ta. Majalisar ta zama tamkar uwar adashi da ba ta iya tilasta wa kowa zubi, alhali ita ake riƙewa idan ranar kwasa ta zo.

Sau biyu aka yi yunƙurin toshe wannan ɓaraka ta hanyar da tsarin ya tanada. A 1781 majalisar ta roƙi izinin karɓar kashi 5 cikin ɗari a kan kayan da ake shigowa da su ƙasar, Rhode Island ta ƙi, daga baya Virginia ma ta janye amincewarta, maganar ta mutu. An sake gabatar da ita a 1783 da ɗan sassauci, wannan karon kuma New York ce ta tsaya kai da fata a 1786, domin kuɗin fiton tashar jiragen ruwanta babbar hanyar samun kuɗinta ce. A daidai wannan lokaci Faransa na bin ƙasar bashi, masu bankunan Holan na binta, sojojin da suka yi mata yaƙi ma na binta albashi. A watan Yuni na 1783 wasu ɗaruruwan sojoji suka kewaye ginin da majalisar ke zama a Filadelfiya suna neman haƙƙinsu, hukumomin Pennsylvania suka ƙi kiran dakarun jiha su kore su, har majalisar ƙasa ta tattara komatsanta ta koma Princeton.

Daga irin wannan wulaƙanci ne hujja mafi nauyi ta fito, kuma a ganina sauran hujjojin duk a kanta suka dogara. Alexander Hamilton ya shimfiɗa ta a maƙala ta 15 cikin maƙalu 85 ɗin nan da ake kira Federalist, waɗanda shi da James Madison da John Jay suka riƙa bugawa a jaridun New York daga watan Oktoba na 1787 da sunan aro na Publius. A wurinsa tushen cutar shi ne yi wa jihohi doka a matsayinsu na jihohi, maimakon a yi wa mutanen da ke cikinsu. Idan ɗan kasuwa ya ƙi biyan kuɗin fito, alƙali da ma'aikacin kotu sun ishe shi, kuma ba za a zubar da jinin kowa ba. Idan kuwa jiha ce ta ƙi biya, ba a iya kama ta a ɗaure; abu biyu ne kawai suka rage, ko dai a ƙyale ta doka ta koma shawara, ko a tura mata soja ƙasa ta faɗa yaƙin basasa. Saboda haka gwamnatin da hannunta ke kaiwa ga ɗan ƙasa kai tsaye ta fi nisa da ɗaukar bindiga a kan wadda sai ta bi ta hannun jihohi, ko da yake a ido ita ce ta fi ban tsoro. Ki lura cewa a takarda tsohuwar majalisar tana da ikoki masu yawa, tana iya shelar yaƙi, tana iya buga kuɗi, tana iya aika jakadu. Abin da ta rasa shi ne masu karɓar haraji nata na kanta da kotunan da za su hukunta wanda ya saɓa mata.

Ƙasashen waje sun gane wannan rauni sarai. Yarjejeniyar 1783 ta wajabta wa Ingila janye sojojinta, amma ta ci gaba da riƙe sansanoni irin su Detroit da Niagara, tana kafa hujja da cewa wasu jihohi sun yi dokokin da suka hana 'yan kasuwarta karɓar basussukan da suke bi tun kafin yaƙi, abin da yarjejeniyar ta haramta. Majalisa ce ta ɗauki alkawarin, amma ba ta iya sa Virginia ta cika shi. John Adams ya isa Landan a matsayin jakada a 1785 yana neman yarjejeniyar ciniki, ya ƙare ya dawo hannu rabbana, domin Turawan Ingila sun san idan jiha ɗaya ta rufe musu tasharta maƙwabciyarta za ta buɗe tata. Sifaniya ta rufe bakin Kogin Misisipi a 1784, wanda ta nan ne manoman yamma ke fitar da amfanin gonarsu, a 1785 kuma jiragen Aljiyas suka kama jiragen kasuwanci biyu na Amurka, ma'aikatan cikinsu suka shafe shekaru a tsare saboda babu kuɗin fansa, babu kuma rundunar ruwa.

Sai ga boren Daniel Shays a rabin ƙarshe na 1786, inda manoman yammacin Massachusetts suka hana kotuna zama, a watan Janairu na 1787 kuma suka nufi ma'ajiyar makaman tarayya da ke Springfield. Majalisa ta yanke shawarar tara soja amma kuɗi bai samu ba; attajiran Boston ne suka yi karo-karo aka ɗauki rundunar da ta tarwatsa su, kuma kafin wata huɗu su cika aka buɗe taron Filadelfiya. Game da zargin cewa sun dawo da abin da suka yaƙa, amsarsu ita ce kukansu da Ingila bai taɓa zama kan haraji tsagwaronsa ba, kan harajin da majalisar da ba su da wakili ko ɗaya a cikinta ta ɗora musu ne. Sabuwar majalisar wakilai kuwa jama'a ke zaɓenta duk shekara biyu, kuma daga cikinta ne dole kowace dokar haraji ta faro.

Tsohon Akawu ya amsa:

Allah ya gafarta Malam, bayanin ya fito fili, kuma ban musanta ko ɗaya daga abubuwan da ka kawo ba. Sai dai labarin da ka bayar shi ne labarin kamar yadda waɗanda suka yi nasara suka tsara shi, ita kuwa 'yarmu ta tambaya har da ko an tsoratar da jama'a, don haka bari a ji ta bakin ɗaya ɓangaren.

Majalisar nan da ake cewa ba ta iya komai, ita ce ta kai yaƙi ga nasara, ta samo iyaka har Kogin Misisipi a teburin sulhu, kuma a watan Yuli na 1787, lokacin da ake can ana zaman Filadelfiya, ita ce ta zartar da dokar yankin arewa maso yamma, wadda ta tsara yadda sababbin yankuna za su zama jihohi daidai da tsofaffi, ta kuma haramta bauta a arewacin Kogin Ohio. Karayar tattalin arziki bayan yaƙin shekara takwas kuwa ba abin mamaki ba ne a ƙarƙashin kowane irin tsari.

Batun Shays ne ya fi ci mini rai. Mutanen nan ba 'yan fashi ba ne. Da yawansu tsofaffin sojoji ne, shi kansa Shays kyaftin ne a yaƙin 'yanci. An sallami sojoji da takardun alkawarin biya, talauci ya sa suka sayar da su da araha ga masu kuɗi, sannan gwamnatin Massachusetts ta ɗora haraji mai nauyi, wanda take neman wani kaso nasa da tsabar azurfa ko zinariya, domin a biya masu riƙe da takardun. Manomin da ba shi da tsabar sai a sayar da shanunsa ko gonarsa. Me ya biyo baya? A zaɓen 1787 jama'a suka kayar da Gwamna James Bowdoin suka dawo da John Hancock, aka sassauta haraji, aka yi wa mafi yawan 'yan boren afuwa. Ƙuri'a ce ta gyara abin da ya ɓaci, ba tare da wani sabon kundi ba. A fahimtata wannan ne ma ya firgita manya, ganin majalisun jihohi sun cika sauraron kukan waɗanda ake bi bashi, kamar yadda Rhode Island ta buga kuɗin takarda a 1786 ta tilasta wa masu bin bashi su karɓa. Duk wanda ya buɗe sashe na 10 na babi na farko na kundin zai ga an hana jihohi buga kuɗin takarda, an kuma hana su yin dokar da za ta rage wa yarjejeniyar bashi ƙarfi. Masanin tarihi Charles Beard ya yi irin wannan zargi a 1913, cewa masu riƙe da takardun bashin gwamnati ne suka fi cin moriyar kundin. Masanan da suka zo bayansa sun nuna ya wuce gona da iri, tunda akwai masu irin waɗannan takardu a cikin 'yan adawa ma, amma sashe na 10 yana nan inda yake.

Hanyar da aka bi ita ma tana da abin dubawa. Izinin da majalisa ta bayar a watan Fabrairu na 1787 na gyaran tsohuwar yarjejeniya ne kawai. Wakilai 55 da suka halarta suka rufe ƙofa, suka hana fitar da abin da ake tattaunawa, suka ajiye yarjejeniyar gefe guda, sannan suka rubuta cewa amincewar jihohi 9 ta wadatar, alhali doka mai ci ta ce 13. Wakilai 39 ne sunayensu suka hau takardar. George Mason na Virginia, wanda ya rubuta sanarwar haƙƙoƙi ta jiharsa a 1776, ya ƙi sa hannu, kuma dalilin da ya fara kawowa shi ne babu jerin haƙƙoƙin ɗan ƙasa a ciki. Marubucin 'yan adawa da ya kira kansa Brutus ya tsaya kan ra'ayin masanin Faransa Montesquieu cewa jamhuriya ba ta ɗorewa sai a ƙaramar ƙasa. Shi da su Patrick Henry na Virginia sun tambayi yadda wakilai 65 na sabuwar majalisar wakilai za su san halin da mutum kusan miliyan 4 ke ciki, sun kuma yi gargaɗi kan ajiye soja a lokacin zaman lafiya, da kan sakin layin da ya ba majalisa damar yin duk dokar da ta zama dole don aiwatar da ikokinta, domin wa zai ce mata wannan ba dole ba ne?

Kada kuma a manta da abin da aka sarayar don jihohin kudu su shiga. An lissafa uku bisa biyar na yawan bayi wajen rabon kujerun majalisar wakilai, an hana majalisa dakatar da shigo da bayi kafin 1808, an kuma wajabta mayar da bawan da ya gudu zuwa wata jiha. Ƙidayar 1790 ta nuna bayi kusan 700,000, kuma babu wanda ya nemi ra'ayinsu kan ƙarfin tarayya.

Lauya Uwar Biyu ta amsa:

Baba Akawu, na yarda da kai cewa majalisun jihohi ne suka firgita manya, su ne kuma suka fi damun Madison, shi kansa ma bai ɓoye ba. A bayanan da ya rubuta a watan Afrilu na 1787, yana shirin taron, ya koka da yawan dokokin jihohi da saurin canza su da kuma zaluncin da ke cikinsu. Inda na saɓa da kai shi ne ɗaukar da ka yi cewa duk abin da masu rinjaye suka so a jiha adalci ne. Madison ya taso a Virginia yana ganin ana ɗaure masu wa'azin ɗariƙar Baftis saboda sun yi wa'azi ba tare da izinin hukuma ba, a 1785 kuma ya jagoranci adawa da ƙudurin da zai ɗora wa jama'a harajin biyan malaman addinin Kirista. Ya san masu rinjaye na iya danne mai bin bashi, suna kuma iya danne mabiyin ƙaramar ɗariƙa, a ƙaramin wuri kuwa ba mai tsawata musu.

Daga nan ne ya kifar da hujjar Montesquieu, a maƙala ta 10 ta Federalist. Ɓangaranci, in ji shi, ba ya gushewa muddin mutane na da 'yanci kuma dukiyarsu ta bambanta, saboda haka maganar kawar da shi ba ta taso ba, sai dai a rage ɓarnarsa. A ƙaramar jiha abu ne mai sauƙi masu bukata iri ɗaya su zama mafiya yawa, su san juna, su haɗa kai su zalunci saura. Idan aka faɗaɗa ƙasar ta ƙunshi mai noman taba na Virginia da mai jirgin ruwa na Boston da manomin alkama na Pennsylvania da ɗariƙu iri-iri, zai yi wuya a sami rinjaye ɗaya mai manufar zalunci, in ma an samu zai yi wuya su haɗu su aiwatar. Wannan hujja dabam take da wadda Malam ya kawo daga Hamilton: shi yana neman gwamnatin da za ta iya aiki, Madison kuwa yana neman wadda za ta kare mutum daga maƙwabtansa.

Abin da ake yawan mantawa shi ne kundin da ya fito bai kai ƙarfin da su biyun suka nema ba. Ranar 18 ga Yuni Hamilton ya yi dogon jawabi yana son shugaba da 'yan majalisar dattawa su riƙe muƙami muddin ba su aikata laifi ba, gwamnatin ƙasa kuma ta riƙa naɗa gwamnonin jihohi, amma ba a ko kai shawarar ga ƙuri'a ba. Madison ya nace a ba majalisar ƙasa ikon soke dokokin jihohi, taron ya ƙi. Abin da ya maye gurbin wannan shi ne babi na 6, wanda ya ce kundin da dokokin tarayya da yarjejeniyoyin ƙasa su ne doka mafi ɗaukaka, kuma dole alƙalan kowace jiha su bi su. A wurina, a matsayina na lauya, nan ne dabarar take, domin rikicin jiha da tarayya ya tashi daga hannun janar ya koma gaban alƙali a matsayin ƙarar wane da wane. Ƙananan jihohi kuma suka tsira da kujeru biyu-biyu a majalisar dattawa daidai da manya, kuma majalisun jihohi ne suka riƙa zaɓen masu hawa kujerun har zuwa gyaran 1913.

Maganarka kan bayi gaskiya ce, kuma a nan hujjar maƙala ta 10 ta gaza shekaru masu yawa, domin faɗin ƙasar bai hana a sami rinjayen da ya yarda da bauta ba. Dokar kama bayin da suka gudu ta 1850 da ƙarfin tarayya aka aiwatar da ita. Amma kuma ƙarfin nan ne ya kai ga haramta bautar a 1865, da shi ne kuma Shugaba Eisenhower ya tura soja Little Rock a 1957 suka raka ɗalibai baƙaƙen fata tara cikin makarantar da gwamnan jihar ya hana su shiga.

Ɗalibar Tarihi ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, iyayena da malamaina, Allah ya ƙara ilimi. Abu biyu suka rage mini. Da irin wannan adawa mai ƙarfi, yaya aka yi kundin ya wuce, kuma shin alkawuran da masu goyon bayansa suka yi sun cika? Sannan ina jin ana kawo misalin Amurka duk lokacin da ake muhawarar sake fasalin Najeriya, shin hujjojin 1787 suna da abin da za su ce game da halin da muke ciki?

Malam Mai Alli ya amsa:

Bari in fara da ta biyun, Malama, domin ta fi gajarta. Gaskiya ne kundin Najeriya na 1979 ya aro tsarin shugaba mai cikakken iko daga Amurka, amma tafiyar ƙasashen biyu ta sha bamban. Can jihohi ne suka riga tarayya samun gwamnatoci da baitulmali, tarayya ke roƙonsu. Nan kuwa gwamnatin tsakiya ce ta yanka jihohi, daga 12 a 1967 zuwa 36 a 1996, kuma daga asusun tarayya suke karɓar kasonsu duk wata. Hamilton yana magana ne kan tsakiyar da ba ta da hanyar samun kuɗi, don haka wanda zai ɗauko hujjarsa a yau sai ya fara nuna cewa matsalar iri ɗaya ce.

Game da ta farkon, da ƙyar aka sha. Delaware ce ta fara amincewa ranar 7 ga Disamba 1787, amma a wasu manyan jihohi ratar ƙuri'u kaɗan ce: Massachusetts 187 da 168, Virginia 89 da 79, New York 30 da 27. A New York ma Gwamna George Clinton da magoya bayansa, masu adawa da kundin, su ne suka shiga taron jihar da rinjaye, sai labarin cewa New Hampshire ta zama ta tara ranar 21 ga Yuni 1788, Virginia kuma ta biyo baya, ya sa wasunsu suka ga zama a waje ya fi haɗari. Dabarar da ta ceci kundin ita ce wadda aka fara a Massachusetts, wato a amince yanzu tare da shawarar gyare-gyaren da za a yi daga baya. Madison, wanda da farko bai ga bukatar jerin haƙƙoƙi ba, shi ne ya gabatar da su a majalisa ta farko a 1789, goma suka zama doka a watan Disamba na 1791, na goman yana cewa duk ikon da ba a ba tarayya ba, ba a kuma hana wa jihohi ba, ya rage ga jihohi ko ga jama'a. Wannan nasarar mutanen Baba Akawu ce, ba don matsinsu ba da wuya a same ta. Rhode Island kuwa ba ta shigo ba sai a watan Mayu na 1790, da ƙuri'a 34 da 32.

Ta fuskar kuɗi da ƙasashen waje alkawarin ya cika da sauri. An sa hannu a dokar kuɗin fito ranar 4 ga Yuli 1789. Hamilton ya zama sakataren baitulmali, ya ƙiyasta bashin tarayya a kan kimanin dala miliyan 54 da na jihohi a kan kimanin miliyan 25, ya kuma shawo kan majalisa a 1790 ta ɗauki nauyin na tarayya da mafi yawan na jihohin. Sifaniya ta buɗe Misisipi da yarjejeniyar 1795, Ingila ta fice daga sansanonin a 1796. Tsoron 'yan adawa shi ma bai daɗe ba ya bayyana. Harajin barasa na 1791 ya tayar da manoman yammacin Pennsylvania, a 1794 George Washington ya tara dakaru kusan 13,000 a kansu, a 1798 kuma aka yi dokar da ta sa aka ɗaure 'yan jarida da wani ɗan majalisar wakilai saboda sukar gwamnati. Kafin nan Madison ya riga ya raba gari da Hamilton: ya yi adawa da kafa bankin ƙasa a 1791 yana cewa kundin bai ba da wannan iko ba, a 1798 kuma shi ne ya rubuta ƙudurin majalisar Virginia da ke cewa jihohi na da haƙƙin shiga tsakani idan tarayya ta wuce iyakarta. Wa'adin bankin ya ƙare a 1811, gwamnati ta sha baƙar wahala wajen neman kuɗin yaƙin da ta shiga da Ingila a 1812, kuma Madison ɗin, yana kan kujerar shugaban ƙasa, shi ne ya sa hannu a dokar kafa banki na biyu a 1816.